Garmahon Baba Ajidan da Kiɗan Kurman Jamus

Ku da kuke zaune a rumfunan gyaran waya yanzu, ku cire allon da ya fashe ku sa sabo a ce kun yi gyara, na san kallon da kuke yi wa aikinmu na da. Gani kuke buɗe rediyo ne kawai, a hure cikinta, a mayar da murfi. To, ku gyara zama in gaya muku yadda ake aiki lokacin da babu shagon da za ka je ka sayo kayan canji.

Sunana Lawali, asalina mutumin Mazanya ne. A Katsina na koyi gyaran rediyo, wurin Malam Iro, shekara huɗu. Shekarar farko ban taɓa cikin rediyo ba, garwashi nake hurawa. Ƙarfen liƙi biyu gare mu, ɗaya yana hannun maigida ɗaya yana cikin wuta, in na hannu ya huce a musanya. Sai dalma, da filaya, da sukundireba uku, da mita guda ɗaya wadda shi kaɗai ke taɓa ta. Abin da ya fara koya mani shi ne in jiƙa yatsa da yawu in riƙa dafa ƙafafun kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, ina sauraren gurnanin lasifika. Inda gurnanin ya ɗauke, nan ciwon yake.

Na buɗe rumfata a Jibiya kusa da tasha, a shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, motocin Nijar suka daina sauya hannu in sun shigo. Kuɗin mai sun fara zagawa. Manyan motoci na wucewa ta kan iyakar Magama da siminti da yadi da sukari, direbobin Maraɗi na kwana biyu uku suna jiran takardu, kowannensu da rediyonsa. Ma'aikatan kwastan kuwa har gasar manyan rediyo suke yi. Maƙwabcina tela ne, Malam Hamisu, mutum mai yawan magana. Aiki bai taɓa yanke mani ba, har na fara jin babu abin da zai gagare ni.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, wani dattijo dogo ya tsaya a bakin rumfa da akwati naɗe a bargo. Ya yi sallama, ya ajiye shi a hankali kamar mai ajiye jariri. Sunansa Isuhu, amma kowa Ajidan yake ce masa, don muƙamin da ya bar sojan Faransa da shi ke nan. A Maraɗi yake zaune yana cin fansho. Da ya warware bargon sai ga garmaho mai aiki da batir, tsoho amma fes, da faifai guda a cikin kwalinsa.

Ya ce, “Wanga abu ba shi da lafiya. Ka saurare shi, Lahadi mai zuwa in dawo.”

Na ce, “Baba, me yake yi?”

“Kai ne likita. Ka saurara.”

Da ya tafi na ɗora faifan. Abin da ya fito ban taɓa jin irinsa ba. Bugu huɗu masu ƙarfi, kamar ana dukan ƙofa, sai shiru. Aka sake huɗu. Daga nan sautin ya yi ƙasa har sai na kai kunne bakin lasifika, can kuma ya taso gaba ɗaya har Malam Hamisu ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki. Babu mai waƙa, babu amshi, babu kalangu. Na ce na gane ciwon, makunnin ƙara ne ya ci. Na wanke shi da kananzir, bai canza ba. Na cire na wata rediyo na sa, haka. Na canza transisto biyu, na bi duk liƙin na sabunta, na sa sabon batir. Kwana uku ina abu ɗaya. Sautin nan yana nan yana faɗuwa yana tashi, kuma a wuri ɗaya kullum, amma ban tsaya na tambayi kaina dalilin haka ba.

Ran Lahadi na gaya masa gaskiya. Na ce ƙara ce ke hawa da sauka, na yi iyakar yina ta ƙi tsayawa. Ajidan ya dube ni, ya dubi Malam Hamisu, sannan ya yi dariya har ya zauna a kan benci.

“Ɗana, ai haka mai shi ya rubuta shi. Wuri ya ce a yi raɗa, wuri ya ce a yi tsawa. Kana so ka gyara mashi aikinshi?”

Malam Hamisu ya ce, “Rubutawa? Kiɗan ake rubutawa, Baba?”

“A takarda, kamar wasiƙa. Mutum ya mutu shekara ɗari da wani abu, a ɗauko takardar a kaɗa shi yadda ya so.”

Na ce to mene ne ciwon? Sai ya zaro wani ɗan ƙarfe mai baki biyu daga aljihu, ya buga shi a gwiwa, ya kafa gindinsa a kan teburina. Teburin ya ɗauki wani siririn sauti miƙaƙƙe. Ya ɗora faifan, ya kai allura wani wuri da ya sani, ya sake buga ƙarfen, ya ce in ji su tare. Da farko ban ji komai ba. Ya maimaita ya fi sau goma. Can na ji sautin faifan yana ɗan ƙasa da na ƙarfen, kamar mutum biyu na tafiya ɗaya na jan ƙafa. Faifan ba ya juyawa da saurin da ya kamata. Ragin kaɗan ne, amma ga wanda ya yi shekara ashirin yana busa ƙaho a cikin makaɗan soja, kamar a zuba masa yashi a tuwo ne.

Na cire farantin da faifai ke hawa. A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar taya ta roba wadda ke ɗaukar juyi daga moto, wato ɗan injin da ke ciki, ta kai wa farantin. Zafi ya busar da ita, ta yi santsi, tana zamewa. Babu irinta a Katsina, balle Jibiya. Na yanko roba daga tsohon tib na tayar babur, na naɗa mata sabon baki, na ɗaura ta a kan moton tana juyawa ina goga mata sanfefa har ta yi daidai, babu tudu babu kwari. Ta farko ta yi kauri, ta biyu ta tsage. Ta uku ce ta zauna. Sannan muka koma kan wani ƙaramin noti a jikin moton, ni ina murɗawa, shi yana buga ƙarfe, har sautin biyu suka haɗe suka zama ɗaya. Ya ɗaga hannu ya ce, “Nan. Kada ka ƙara.”

Tun daga ranar, in na gama gyaran abin da ke fitar da sauti, ba na cewa na gama don kawai ya yi ƙara. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe.

Ajidan ya zama mai zuwa kusan kowace Lahadi. Ya sayi goro da yadin iyalinsa, sannan ya zo rumfata da garmahon da faifai ɗaya ko biyu, ya ce a kunna. A nan muka ji labarin mai kiɗan, guntu-guntu. Bayan babban yaƙi an kai rundunarsu Jamus zama, shugaban makaɗansu ya ɗauke su zuwa wani babban zaure, a nan ya fara jin irin wannan kiɗa da kunnensa. Ya ce makaɗa sun fi sittin, masu goge manya da ƙanana, masu busa, mai tambari, duk suna kallon hannun mutum ɗaya. Daga ranar ya fara tara faifan, duk na mutum guda.

Mutumin Bajamushe ne, in ji shi, haifaffen wani gari a bakin kogi. Ubansa mawaƙi ne mai shaye-shaye, ya tilasta masa fiyano tun yana ƙarami, da duka, don yana so ya ci abinci da shi. Uwar ta rasu yana saurayi, riƙon ƙannensa ya dawo kansa. Daga baya ya koma babban birnin Ostiriya, inda masu sarauta ke ɗaukar nauyin makaɗa, ya yi suna a kan fiyano har ba a haɗa shi da kowa. Amma ba ya rusuna wa kowa. Akwai wani babban kiɗa da ya rubuta da sunan shugaban Faransa na lokacin, don yana ganin ya zo ya 'yanta talakawa. Da labari ya zo cewa mutumin ya naɗa kansa sarkin sarakuna, sai ya kankare sunan har takardar ta huje.

Malam Hamisu ya ce, “Wannan da a nan ne, da roƙo bai karɓe shi ba.”

Ajidan ya ce, “Shi ba maroƙi ba ne. Su ne ke roƙonshi.”

Abin da ya fi tsaya wa tela a rai shi ne kurumtar. Mutumin bai kai talatin ba kunnensa ya fara mutuwa. Ya ɓoye, ya daina shiga mutane, har aka riƙa cewa girman kai ne. Ya taɓa rubuta wa 'yan'uwansa cewa ya kusa gajiya da duniya, abin da ya riƙe shi kawai aikin da bai gama fitarwa ba. A ƙarshe sai an rubuta masa magana a littafi ya karanta ya amsa. Kuma a haka ya ci gaba da rubuta kiɗa. Manyan nasa guda tara ne, na taran ya yi shi ba ya jin ko tsawa, ya sa mawaƙa maza da mata a ƙarshensa. Ranar da aka fara kaɗa shi yana tsaye a gaba, ya ba jama'a baya. Aka gama, zaure ya ɗauki tafi, shi bai sani ba, sai da wata mawaƙiya ta kama hannun rigarsa ta juyo da shi.

Malam Hamisu ya ce, “Makaho na iya ɗinki, na taɓa gani. Amma kurma da kiɗa, wannan sai Allah.”

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta yi ƙaranci, ta gaba ta fi ta muni. Gero ya bushe a tsaye a Gangara da Mazanya, arewa da Maraɗi kuwa dabbobi ne suka riƙa faɗuwa. A birane ana ta gine-gine da kuɗin mai, mu nan kan iyaka mutane ne ke kwararowa a ƙasa da 'yan ƙullinsu. Wanda ba shi da hatsi ba ya gyaran rediyo. Sai in yini ban kunna garwashi ba. Masu kawo rediyo yanzu sayarwa suke so, wasu kuma da suka kawo gyara ba su ƙara dawowa ba, kaya suka taru a bayan rumfa. Na koma gyaran tocila da fitilar ƙwai, har makullin keke na gyara.

Ajidan ya yi wata huɗu bai zo ba. Ranar da ya zo ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Garmahon na naɗe a bargonsa, wani ɗan dako na biye da shi da kwalin faifai a ka.

Ya ce, “Ka nemo mani mai saye. Yau nake so.”

Na ce, “Baba, lafiya?”

“Dangin matata sun sauko daga Dakwaro, gida ya cika. Fansho ba ta kai mu ƙarshen wata. Hatsi ya fi sauƙi a nan.”

Na san wani ma'aikacin kwastan da ya daɗe yana yaba garmahon. Na je na kira shi, suka daidaita, ya ɗauka. Faifan kuwa ya ce ba ya so, shi na Indiya yake nema. Wani direba ya ce a ba shi biyu ya rataya a gaban mota don ado. Ajidan bai ko dube shi ba. Ya sayi geronsa, aka ɗora a mota, sannan ya dawo ya dafa kwalin.

“Gidana yara sun yi yawa, za su farfasa su. Ka ajiye mani. A tsaye, kada ka kwantar, kada rana ta gan su.”

Na kai su ɗakina na ƙasa, can ƙuryar da ta fi sanyi, na jera su a tsaye tsakanin katako biyu.

Zaman banza ne ya sa na fara duban tarin kayan da ke bayan rumfa. Akwai garmaho biyu matattu. Ɗaya motonsa na da rai, farantinsa ya lanƙwashe. Ɗayan farantin lafiya, hannun allura lafiya, moton ya ƙone. Na ciro abin ƙara sauti daga wata rediyo da ta faɗa ruwa, na busar da shi, na canza masa transisto. Lasifika na samu daga rediyon wata mota da ta yi hatsari, babba, mai zurfin murya. Kafinta ya haɗa mani akwati da katakon kwalin ganyen shayi, Malam Hamisu ya lulluɓe gaban da ragowar yadi. Allura ce ta ba ni wuya, sai da wani direba ya samo mani a Sabon Garin Kano. Nauyin hannun allurar na daidaita shi da 'yar dalma a bayansa, don in ya yi nauyi ya cinye faifai, in ya yi sauƙi ya riƙa tsalle. Sauri kuwa da agogo na auna shi, na ɗiga alli a bakin farantin ina ƙirga zagaye, sauran na bar wa kunnena. Wata biyu na yi a kansa. Ba shi da kyan gani, amma ya fi na farkon murya.

Na tashi kai masa a ƙarshen bazara, lokacin kowa ido na sama ana jiran ruwa. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki a Nijar ba, bincike ya tsananta. A Magama mutanenmu sun san ni, suka ɗaga mani hannu. A Ɗan Isa, ɓangaren Nijar, aka sauke mu duka. Wani jandarma ya buɗe akwatina, ya ga wayoyi da batura takwas a jere, ya ja da baya.

“Mene ne wanga?”

Na ce, “Garmaho ne, Shef. Ni na haɗa shi.”

“Garmaho ba ya da suna a jiki? Ina takardarshi?”

“Ba shi da takarda. Na wani tsohon soja ne a Maraɗi.”

Ya kira babbansu. Shi kuma ya zagaya akwatin, ya ce in dai garmaho ne in kunna, in bai yi kiɗa ba ni da shi za mu kwana a nan. Na ɗora shi a kan tebur ɗin 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, na zaro faifan da hannuna ya fara kaiwa, na sa allura a tsakiya. Ashe wanda mai kiɗan ya yi a kan zaman ƙauye ne. Aka fara da kiɗan rawa irin ta manoma, mai daɗi. Sai ya yanke. Manyan gogen suka fara gurnani can ƙasa, ƙananan suka riƙa ɗigowa ɗaya-ɗaya kamar yayyafi, sannan tambari ya fashe. Lasifikar motar nan ta girgiza teburin. Direbobi da 'yan dako da matan da ke sayar da fura duk suka matso. Wallahi na ga wani tsoho ya fita daga rumfar ya ɗaga kai yana duban gabas.

Babban jandarman ya bari har tsawar ta fara lafawa, sannan ya ce, “Rufe. Allah ya sa da gaske ne.” Jama'a suka ce amin. Ya taimake ni da kansa muka mayar da akwatin mota.

Na isa gidan Ajidan bayan azahar. Tsakar gida cike da mutane, an kafa rumfunan zana ko'ina. Ya fito yana gyara hula, ya ga kwalin faifai, ya ga akwatin. Na buɗe murfin. Ya durƙusa, ya juya farantin da yatsa, ya ɗaga hannun allurar ya auna nauyinsa, ya leƙa ƙarƙashi.

“Kai ka yi wanga?”

“Ni ne, Baba. Kayan da aka watsar ne.”

Ya ce a kawo mani ruwa da fura, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi. Na ba shi labarin Ɗan Isa, ya yi murmushi ya ce to a ci gaba daga inda jandarma ya tsayar, don abin da ke bayan hadarin ya fi hadarin. Baƙin gidan suka zauna nesa kaɗan suna kallo. A cikinsu akwai yayan matarsa, Malam Abdu, tsohon makiyayi wanda garkensa duka ya ƙare a farin. Ajidan ya raɗa mani cewa tun da ya zo bai cika magana ba, yini yake yana kallon bango.

Na sa allura. Tsawar ta yi nisa, ta mutu. Sai wata busa ta taso ita kaɗai, a hankali, wani ƙaho ya amsa mata daga nesa, sannan gogen suka ɗauka gaba ɗaya suna ta juya abu ɗaya, yana faɗi yana ƙara faɗi. Ba wanda ya gaya wa Malam Abdu komai. Ya taso daga inda yake, ya zo ya tsuguna a gaban akwatin.

Ya ce, “Wanga kiran dabbobi ne. Ruwa ya ɗauke, yana fito da su.”

Ajidan ya ce, “Haka ne, Yaya. Haka mai shi ya ce.”

Ya saurara har faifan ya ƙare, allura na ta kai-kawo a ƙarshen layi.

“Shanunshi nawa, mai wanga kiɗa?”

“Ko ɗaya bai da. Ɗan birni ne, yawo kawai yake fita daji.”

Malam Abdu ya jinjina kai. “To, ya zauna da masu su.” Ya gyara zama a kan tabarmar, ya dube ni. “Ɗana, maido shi daga wurin ruwan.”

Na ɗaga allura na mayar.